Nuna Min Layin

A bazarar da Baba ya sayar da hatsinsa kakaf, ni ina can Fadaman Mada ina musu da mutum biyu a kan abin da wani Bature ya rubuta game da ƙudan zuma. Har yau in na tuna sai haushin kaina ya kama ni. Sati shida na yi ina yawo da tsoro ɗaya a ƙirji, tsoron cewa mahaifina mutuwa yake yi, kuma an haɗa baki a gida ba za a faɗa mini ba sai na gama jarrabawa. Duk tsawon lokacin ban iya buɗe baki na tambayi kowa ba.

Jarrabawar ta neman gurbin digiri na biyu ce a ƙasar waje. A lokacin ina koyarwa a wata kwaleji a nan Bauchi, an ce in na samu gurbi za a sake ni in tafi. A Abuja ake rubuta ta, a kan kwamfuta, agogo yana gudu a gefen allo. Lissafin cikinta bai dame ni ba, ɓangaren karatu ne ya zame mini ƙarfen ƙafa. Za a ba ka guntun rubutu, sakin layi biyu ko uku, a kan abin da ko a mafarki ba ka taɓa jin sa ba, duwatsun ƙarƙashin teku ko rigimar wasu masu zane da suka mutu tun kafin a haifi kakanka. Sai a ce: me za a iya ganowa daga wannan rubutu? Wato ba abin da aka faɗa ƙarara ba, abin da maganar ta nuna. A jera maka amsa biyar, ɗaya ce daidai.

Ranar da na fara ganin irin wannan tambaya dariya na yi, na ce ai wannan gadon gidanmu ne.

Ni ɗan fari ne. Gidanmu yana Gwallaga, kakanninmu Fulani ne da suka ajiye sanda suka shigo gari, sun rabu da shanu amma ba su rabu da kunya ba. Baba bai taɓa kiran sunana ba. Inna kuwa, in da mutane, ko inda nake ba ta kallo. Ƙannena suna hawa cinyarsa suna ja masa gemu, ni daga nesa nake gaishe shi, ya amsa yana duban wani wuri. In yana son in yi wani abu, bango yake faɗa wa. Zai ce, "Ƙofar nan ta fara kuka," in tashi in nemo baƙin mai. Zai ce, "An ce motar ƙauye ta iso," in sa takalmi in nufi kasuwa. Haka na tashi, ban kuma taɓa jin an rage ni da komai ba, domin na san ni kaɗai ake yi wa magana ta wannan hanya.

Rumfarsa tana layin 'yan hatsi a Kasuwar Muda Lawal, a can na yi rabin yarintata. Koyarwarsa ma ba da baki ba ce. Mai saye zai zo ya taya ya tafi, sai Baba ya dubi maƙwabcinsa, wani Alhaji mai sayar da gero, ya ce, "Wannan zai dawo." Ni kuma aikina in gano dalili. A hankali na san wanda ya ɗebi masara ya ciza, niƙa zai yi. Wanda ya baza ta a tafin hannu yana neman ƙwaro, ajiya zai yi. Wanda ya tambayi farashi bai taɓa buhu ba, aiko shi aka yi. Baba yana da wani ƙarfe mai rami, bakinsa da tsini, irin wanda ake soka wa buhu a ga abin da ke ciki. Ba ya soka shi a bakin buhu, a gindi yake soka wa, domin mai ha'inci a sama yake zuba mai kyau. Ƙarfen nan ya girme ni, kuma ban taɓa ganin ya bar wani ya riƙe shi ba.

To ka ga mutumin da aka rena haka, a ce masa ya gano abin da ke bayan magana. Na shiga karatun ina hura hanci.

Mu uku muke yi. Akwai abokina tun na sakandare, wanda ya karanta shari'a, muna ce masa Barista. Akwai yayarsa, 'yar wan babansa, mai haɗa magunguna a wani asibiti, uwar 'ya'ya uku, muna ce mata Anti. A barandar gidan su Barista da ke Fadaman Mada muke zama, daga idar da la'asar zuwa gab da magariba, da littafin gwaji guda ɗaya wanda amsoshinsa ke baya, da fanka wadda ta fi zama a tsaye saboda rashin wuta. Kowa zai karanta ya zaɓi amsarsa, mu yi musu, sannan a buɗa baya.

Rubutun ƙudan zuman ne ya fara kunyata ni. Cewa ya yi a wani yanki manoman da suka kafa amya kusa da gonakin itatuwansu sun fi samun 'ya'ya, kuma bayan 'yan shekaru yawancin manoman yankin suna da amya. Ban ɓata lokaci ba na zaɓi amsar da ta ce sauran manoman sun yi koyi ne da maƙwabtansu da suka ga sun samu. Barista ya zaɓi wadda ta ce a da can akwai manoman yankin da ba su da amya.

Na ce, "Haba Barista. Wannan ai ba ganowa ba ce, maimaici ne. Ɗan firamare ma ya san haka."

Ya ce, "Nuna min layin da aka ce sun ga maƙwabtansu."

"Sai an faɗa? Manomi ya ga gonar ɗan'uwansa ta yi kyau, me kake so ya yi?"

"Wataƙila gwamnati ce ta raba musu amyar. Wataƙila zuma ce ta yi tsada. Nuna min layin, ɗan hatsi."

Aka buɗa baya, Barista ne da gaskiya. Ya gyara zama kamar yana gaban alƙali, ya karanta mini dokar da na ji har ta ishe ni: abin da dole ne ya zama gaskiya ake nema, ba abin da zai iya zama gaskiya ba. Anti tana dariya ta ce matsalata ita ce ina karanta rubutun Turawa kamar maganar suruka, kowace kalma sai na ɗaga ta na leƙa ƙarƙashinta. Na fusata ranar, na ce waɗanda suka tsara jarrabawar ba su taɓa zama da mutane ba. Washegari na sake faɗuwa, jibi ma haka. Kullum sai in zarce inda ake so a tsaya, kullum Barista yana ƙwanƙwasa littafi da gindin biro yana cewa in nuna masa layin.

Ana cikin haka Baba ya sayar da hatsin.

Wanda bai san sana'ar ba ba zai ga abin tashin hankali a nan ba. Ɗan hatsi da kaka yake saye, ya zuba a sito ya rufe, ya jira damina ta yi nisa, lokacin da abincin gidajen mutane ya yi ƙasa, sannan ya buɗe. A duk layin an san Baba shi ne na ƙarshen buɗe sito, har tsokanarsa ake yi da haka. A shekarar nan ko ruwan farko bai sauka ba, manyan motoci biyu suka zo suka kwashe masara da dawa da wake, aka share siton aka bar ƙofarsa a buɗe. A bakin Alhaji mai gero na ji, da na biya ta kasuwa da yamma kamar yadda na saba yi sau biyu ko uku a sati. Yana faɗa mini yana kallon fuskata, kamar yana jiran in ba shi bayani. Na ce masa ai Baba ya san abin da yake yi.

Ranar Juma'ar satin, bayan an sauko daga masallaci, ina zaune a zaure ina duba littafi, Baba ya shigo. Ya tsaya, ya sa hannu a aljihun babbar rigarsa, ya fito da ƙarfen nan ya ajiye a kan tabarma kusa da gwiwata. Ya dubi bango ya ce, "A ajiye wannan, kada ya yi tsatsa." Ya wuce ciki.

Na daɗe ban taɓa ƙarfen ba. Haruffan littafin suka daina zama wuri ɗaya. Daga ranar idona ya buɗe a kan abubuwan da, ina jin, sun jima a gabana. Agogon hannunsa yana zamewa har kan yatsu, ya ƙara wa madaurin huda. A masallacin unguwa ya koma ƙarshen sahu, jikin bango, yana sallar a zaune. Inna tana dama kunu safe da yamma, a gidan da ba a shan kunu sai da azumi. Ƙanwata da ke aure a wata unguwa ta koma zuwa kullum, idonta jawur, in na gaishe ta ta amsa a daƙile. In na shigo tsakar gida magana sai ta tsaya cak. Wata safiya kuma na ga kwalin magani, wofi, a kwandon sharar bayan ɗakinsa, da wani dogon suna a jiki. Na ɗauka na ninke na sa a aljihun gaba.

Ina da waya, minti ɗaya ya isa in san maganin mene ne. Sau biyu na rubuta haruffa ukun farko na goge. Ga Anti kuma, wadda wannan ne aikinta, kullum muna zaune tebur ɗaya, kwalin yana aljihuna, tsakanina da ita bai fi kamu biyu ba. Tsoro ne ya hana ni, ba wani abu ba.

Barista na faɗa wa, wata yamma da ya rako ni bakin titi neman keke. Na ba shi labarin hatsin da ƙarfen da agogon. Ya saurara, ya ce, "To nuna min layin da aka ce ba shi da lafiya."

Na ce masa ba wasa nake yi ba.

Ya ce, "Ni ma ba wasa nake ba. Me ka sani tabbas? Ya sayar da hatsi. Wataƙila Umra zai je. Wataƙila ya ji ƙishin-ƙishin farashi zai faɗi, ka san tsofaffin nan da hanci. Wataƙila ya gaji da sana'ar ne, shekarunsa nawa? Agogo kuwa, wa bai rame ba a zafin nan? Kai dai ka saba, ko akuya ce ta yi tari sai ka ce wasiyya take bari."

Na yi dariya, wallahi na yi, na ji kamar an ba ni ruwan randa. Ban ce masa komai a kan kwalin ba, ban ce komai a kan sallar zaune ba. Na san abin da nake yi: na ba shi rubutun ne bayan na cire layukan da za su kayar da shi. Barista ba shi da laifi, abokinsa ya ga yana cikin damuwa ya lallashe shi da abin da ya iya. Ni ne na karɓi dokar jarrabawa na kai ta gida na shimfiɗa.

Daga nan na daina biyawa ta kasuwa. Na ce wa kaina lokaci ya ƙure, karatu ya fi. Da safe in gaishe da Baba daga bakin ƙofa in fice, in dawo bayan magariba in shige ɗakina. Duk abin da na gani sai in tambayi kaina, dole ne ya zama gaskiya, ko zai iya zama ne kawai? Kunu ba dole ba ne ya zama ciwo. Jan ido zai iya zama rigimar miji. Abin takaicin shi ne, makina a gwaji sai ya fara hawa. Na koyi tsayawa daidai inda rubutu ya tsaya, in zaɓi amsa mafi ƙanƙanta, wadda ba ta ce komai ba. Barista ya riƙa tafa mini yana cewa ɗan hatsi ya shiryu.

Amma tsoron bai je ko'ina ba. In wayata ta yi ƙara na ga lambar ƙanwata, sai in bar ta ta katse sannan in aika saƙo cewa ina aji. In na hau keke zan koma gida, a bakin layinmu nake sauka, ba a ƙofar gida ba. In tsaya bayan shagon mai gyaran babur in leƙa, in ga ko an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidanmu, ko maza sun zazzauna. In na ga wurin wayam, sai yara da ke buga ƙwallo, sannan ƙafafuna su yarda su tafi. Kullum haka, har mai gyaran babur ya fara tambayata ko wani nake gudu.

Saura kwana goma jarrabawa muka ci karo da rubutun wata mata. An ce ta ƙare rayuwarta tana yawo ƙauyuka tana tara irin shuke-shuke, kowace shekara sai ta yi tafiya, kuma ba ta barin kowa ya taɓa abin da ta tara. Sai wata shekara ta fasa tafiyar, ta miƙa tarin irin ga wata jami'a, ta ba ɗalibinta littafin da take rubuta bayananta a ciki. Nan rubutun ya tsaya. Me za a iya ganowa?

 Na yi sauri na zaɓi amsar da ta ce kafin shekarar nan tarin irin ba ya hannun jami'ar. Barista ma ita ya zaɓa. Anti ce ta saɓa, ita da ba ta cika faɗuwa ba. Ta zaɓi wadda ta ce matar ta san ba za ta ci gaba da aikin ba.

Ta ce, "Na san wataƙila ba ita suke so ba. Amma mace ta ba da littafin da ta yi shekaru tana ɓoyo? Ta san wani abu."

Na ce, "Nuna min layin."

Ta dube ni ta yi murmushi, ta ɗauka kwaikwayon ƙaninta nake yi. Ta ce, "Ai ba sai an rubuta ba, Malam. Mutum ba ya rabuwa da kayan aikinsa haka kawai."

"Wataƙila wani aikin ta samu. Wataƙila wurin ajiya ne ya yi mata kaɗan."

"Da littafin ma?"

"Wataƙila ta kwafe shi! Wataƙila ta gaji! Mutum ba shi da ikon ya gaji? Ina aka ce ba ta da lafiya? Ina aka rubuta? Nuna min layin, Anti!"

Sai da na ji muryata ta dawo mini daga bangon gidan na san ihu nake yi, kuma a tsaye nake. Mahaifiyar Barista ta leƙo ta taga. Anti ta ce a hankali, "Ni ban ce ba ta da lafiya ba." Barista, don ya kashe maganar, ya jawo littafin ya buɗa baya, ya ce ni ne da gaskiya, amsar tamu ce daidai. Ba wanda ya yi tafi. Na zauna. Na sa hannu a aljihu na fito da kwalin, ya yi laushi saboda zufa, na warware shi na ajiye a kan littafin a gaban Anti.

Na ce, "Wannan fa, me za a gano?"

Ta ɗauka ta duba gaba da baya. Fuskarta ba ta canza ba, irin ta mutanen asibiti, wannan ya fi komai tsorata ni. Ta ce, "Na wane ne?"

"Na wani ne."

Ta ajiye. Ta ce, "In ta dokar Barista ce, abin da dole ya zama gaskiya shi ne, mai shan wannan yana cikin zafin ciwo mai tsanani, irin wanda ƙananan magunguna suka kasa. Iyakarsa ke nan." Ta rufe littafin. "Amma ni ba jarrabawa nake yi maka ba. Tun yaushe yake aljihunka?"

Na faɗa mata.

Ta ce, "Innalillahi. Tashi ka tafi wurinsa. Yanzu."

Ban san yadda keken ya ratsa gari ba. Abin da nake tunawa shi ne ina ta addu'ar mu tarar da cunkoso a hanya, ina kuma jin haushin mai keken da ba ya sauri. Layin 'yan hatsi yana nan yadda na bar shi, 'yan dako suna sauke buhuna, kaji suna tsince a ƙasa, rumfar kowa cike. Tamu ce kaɗai wayam. Baba yana zaune a kan buzunsa a bakin rumfar, ya jingina da ginshiƙi, carbi a hannu. A hasken yamma na gan shi sosai, abin da na yi sati shida ina kauce wa. Wuyansa ya zama siriri cikin rigar, fararen idonsa sun koma ruwan ɗorawa. Kusa da shi akwai 'yar kujerar katako, na durƙusa na gaishe shi, na jawo ta na zauna.

Ya ce da titi, "Yau an taso daga karatun da wuri."

Na ajiye kwalin a gefen buzun. Ya dube shi, ya mayar da ido kan titi. Alhaji mai gero ya tashi ya ɗauki butarsa ya bar wurin, alhali lokacin salla bai yi ba.

Baba ya ce, "Likita ya ce hanta ce. Ya ce in an ga kaka, a gode wa Allah."

Na san haka zan ji, tun a zaure na sani. Na riƙe gefen kujerar. Abin da ban taɓa yi ba tunda aka haife ni na yi, na tuhume shi. Na ce, "Baba, me ya sa aka ɓoye mini? Me ya sa ba a faɗa mini ba?"

Ya juyo ya dube ni, ido cikin ido. Ba zan iya tuna wani lokaci da ya taɓa yin haka ba. Ba fushi a fuskarsa, mamaki ne zalla.

Ya ce, "Ba a faɗa ba? Na sayar da hatsi a bazara. Na ba da ƙarfe. To me ya rage a faɗa?"



Ya sake juyawa ga titi. Ya ce, "Ni na ɗauka tun ranar an gane. Da na ga an daina zuwa, sai na ce karatun ne ya yi nauyi, ba a son a raba hankali biyu. Na ce wa mutanen gida kada wanda ya dame shi, ya san abin da yake yi." Ya ja carbi ɗaya, biyu. "Ban ji haushi ba. Karatu ai abu ne mai kyau."

Ashe ba wanda ya haɗa baki. Shirun da ake yi in na shigo, da amsar ƙanwata a daƙile, ba ɓoyo ba ne. Duk gidan sun ɗauka na sani, na kuma zaɓi littafi. Shi kuwa ya faɗa mini da babbar murya, ta hanyar da ya shekara talatin yana koya mini, ya kuma yarda da koyarwarsa har bai yi tunanin zan kasa ji ba. Na kifa kaina a gwiwa na yi kuka a tsakiyar layin 'yan hatsi, ban damu da wanda ke kallo ba. Bai taɓa ni ba, bai ce in yi shiru ba. Da na lafa sai ya ce wa ginshiƙi, "Rana ta yi sanyi, a nemo keke."

Na so in fasa zuwa Abuja. Baba ya aiko ƙanwata ta ce mini ya ce in ban je ba, hatsin da ya sayar ya tafi a banza. Na je na rubuta na dawo a rana ta biyu. Ɓangaren karatun nan shi na fi ci, Barista ya kira ni yana ihu a waya, na yi masa godiya. Daga ranar da na dawo, kowace yamma ina rumfar, a kan 'yar kujerar nan. Ba ma wata hira. Mai saye ya wuce ya nufi rumfar wani, Baba ya ce da iska, "Wannan zai dawo," ni kuma in ce, "Aiko shi aka yi." Wani lokaci ya gyaɗa kai. Da ƙafa ta gaza muka koma yin zaman a zaure.

Bai ga kaka ba. Masara tana goyo aka shimfiɗa tabarmin a ƙofar gidanmu, kuma ban leƙo su daga bayan shagon mai gyaran babur ba, ni na shimfiɗa su da hannuna.

Ranar uku Alhaji mai gero ya zo ya zauna kusa da ni. Bayan addu'a ya ce in aika a ɗauko kujerata daga rumfa kafin a ba wani wurin. Na ce wace kujera, ai ta rumfa ce. Ya ce a'a, da can babu ita, Baba ne ya sa kafinta ya yi ta a satin da ya sallami hatsin. Ya ce kullum in an idar da la'asar sai ya fito da ita ya kaɗe ta da hannun riga ya ajiye kusa da buzunsa, ko shi Alhaji ba ya bari ya zauna a kai. In an kira magariba ya tashi da kansa ya mayar da ita ciki.

Na tambaye shi kwana nawa aka yi haka kafin in zo. Ya ce bai ƙirga ba. Ni na ƙirga, kwana arba'in da biyu ne.